Tozalin Ɗan Fari

A Gwandu, in mace ta yi haihuwar fari, abu na farko da ake so ta iya shi ne nuna kamar ba ita ta haifa ba. Ba ta kiran sunan yaron, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka kuma sai ta ɗauke kai har wata ta ce mata, "Ke, ba shi nono mana." Ita ce alkunya, kuma mutanen garin suna ji da ita ba kaɗan ba. Halima Sadiya ta san wannan tun ba ta san dama da hagu ba, don ita ma 'yar fari ce. Ana yaye ta aka ɗauke ta daga ɗakin uwarta a Dodoru aka kai wa yayar babanta, Gwaggo Rahmatu, ita ta riƙe ta har ta aurar. Saboda haka da ta haifi nata ɗan, gidan Gwaggo ta koma wankan jego, ta bar mijinta Sirajuddeen a Kalgo yana fama da dafa taliya safe da yamma.

An raɗa wa yaro Umar Faruk, gida duka ana ce masa Faruku. Uwarsa kaɗai ce ke ce masa "yaron nan", shi ma sai ta kama dole.

Gwaggo Rahmatu doguwar tsohuwa ce siririya, mai bakin da ba a tanka masa. Ba ungozoma ba ce, amma duk unguwar babu mai jegon da ake dafa wa ruwa ba a nemi shawararta ba. Ita ke tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta yi wa Halima wanka, ita ke dama kunun kanwa ta tsaya a kanta sai ta shanye, ita ke wanke jariri ta gasa masa jiki ta shafe shi da man shanu. In ta gama, sai ta jawo wani tsohon tandu na fata daga ƙarƙashin matashinta, ta zura ɗan tsinken ƙarfe a ciki, ta zizara wa yaro tozali a ido biyu, ta ja masa gira. Sannan ta ɗaga shi sama tana yi masa kirari, wai angonta ya fi na kowa a Gwandu. Yaron kuwa, Allah ya sani, yana yin kyau.

Da Halima wata ce daban, da ba abin da zai dame ta. To amma aikinta ne ya hana ta sakat. A jami'ar da ke Kalgo take aiki, a ɗakin binciken wata Dakta Dibora, mutuniyar Zuru, wadda ta ƙwallafa rai a kan abu ɗaya: gwajin da ake ɗaukar kaya a kai manyan birane kafin a yi, ita so take a yi shi a bakin rijiya ko a tsakiyar kasuwa. Ita da ma'aikatanta suna jiƙa 'yan siraran takardu da sinadari su busar. Akwai wadda ake mannawa a cikin ledar kifi, in kifin ya soma lalacewa ta sauya launi tun hanci bai ji ba. Akwai ta neman maganin ƙwari a cikin wake. Wadda Halima ta fi sani ita ce ta dalma, don da hannunta ta yi ta gyara ta har ta yi daidai. Rawaya ce, in aka ɗiga mata ruwan da ke da dalma sai ta koma ja, a ɗauki hotonta da waya, wayar ta faɗi ko gubar da yawa ko kaɗan. Ta yi yawo da ita rijiyoyin Diggi da Wurogauri har cikinta ya tsufa. Ta kuma san abin da dalma ke yi wa ƙaramin yaro. Ba ta sa zazzaɓi balle a ankara, a hankali take cin ƙwaƙwalwa, sai yaro ya isa makaranta a ga karatu ya ƙi shiga, a ce daƙiƙi ne.

Wata safiya bayan suna, tana zaune a bakin gado tana satar kallon ɗanta, ta ga ya murza ido da ɗan dunƙulen hannunsa, ya kai hannun baki yana tsotsa. Da ya cire, leɓensa ya yi baƙi. Ta tuna Dakta Dibora ta taɓa faɗa, a cikin hira kawai, cewa dutsen kwallin nan mai walƙiya da ake niƙawa, sau da yawa dalma ce tsagwaronta.

Da azahar Gwaggo ta tafi gaisuwar mutuwa a bayan kasuwa. Halima ta buɗe jakarta, inda ragowar takardun aiki suke tun zuwanta na ƙarshe Diggi. Ta kaɗa ɗan tozali daga tandu a murfin kwalba, ta zuba masa ruwan tsamin da suke narkar da abu da shi, ta jira ya jiƙa, ta ɗiga a takarda. Ba ta ma kai ga ɗauko waya ba. A duk rijiyoyin da ta gwada ba ta taɓa ganin ja irin wannan ba. Ta sake da sabuwar takarda, ko hannunta ne ya yi kuskure. Ita ma ta yi ja. Ta zauna da takardu biyu a tafin hannu, tsoro ya rufe ta, har yaron ya farka ba ta motsa ba.

Mijinta ta fara kira.

"Sai ka yi mata magana," ta ce, bayan ta gama yi masa bayani. "Kai ne uba."

"Ni?" in ji Sirajuddeen. "Ni da ko zaurenta ba na shiga da takalmi? In na je gaishe ta ma ƙasa nake kallo har in fito. Kuma ni ma fa ɗan farina ne, Sadiya. In buɗe baki in ce wa surukata kada ta taɓa mini ɗa?"

Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan. Malamin lissafi ne a sakandare, yara ɗari ba sa ba shi tsoro, amma a ambaci Gwaggo sai muryarsa ta koma ta ɗan firamare. Ya ce ta yi dabara. Duk wanda ba shi zai yi ba, dabara ba ta yi masa wuya.

Ta yi dabarar kuwa. Ta ɗauke tandun ta cusa a bayan buhun gero. Washegari Gwaggo ta birkice ɗaki tana faɗa da ɓeraye, da ba ta gani ba ta aika maƙwabta, gidan Sule mai kifi, aka aro na matarsa. Aka sa wa Faruku tozalin aro, ya fi na kullum kauri. Kafin yamma tandu ya dawo ƙarƙashin matashi, Gwaggo ta ce lalle tsufa ya soma taɓa ta.

Sai Halima ta koma gogewa. Da Gwaggo ta fita tsakar gida sai ta jiƙa auduga ta share idon yaron. Amma idon Gwaggo ba ya kuskure. Ta duba jariri da hantsi ta ce, "Wanga yaro hawaye garai, ba ya riƙe kwalli." Daga ranar ta koma sa masa sau biyu, safe da la'asar. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Halima ta rame. Gwaggo ta ɗauka kunun ne bai isa ba, ta ƙara ludayi. Ita kuwa abin da ke cinta daban. Tana son Gwaggo so na gaske. Matar nan ce ta goya ta, ta tsaya mata lokacin da baffanninta suka ce karatun ya isa haka, ta ce ko ita ko su. Kuma duk tarbiyyar da ta yi mata a kan abu ɗaya ta tsaya, kada a taɓa cewa 'yar da Rahmatu ta riƙa ba ta da kunya. Yanzu a ce ita, mai jegon da ko arba'in ba ta yi ba, ta dubi tsabar idon Gwaggo ta ce, bar mini ɗana? In ta yi tunanin haka sai ta ji bakinta ya yi nauyi. In kuma ta dubi ɗan baƙin leɓen nan sai ta ji kamar ta ɗauki yaron ta ruga.

Ana cikin haka Dakta Dibora ta zo barka, da atamfa da sabulu da kaza a bayan mota. Gajeriyar mace ce mai ƙiba da dariya, Hausa a bakinta kamar ta 'yan kasuwar Jega. Halima ta riga ta tura mata hoton takardun, ta kuma roƙe ta ta yi magana, tun da ita baƙuwa ce, alkunya ba ta hau kanta ba.

Gwaggo ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta dama mata fura da hannunta. Dibora ta sha, ta yaba, ta ɗauki yaro ta yi masa wasa, sannan ta gyara zama.

"Mama, akwai wata magana, in kin ba ni dama."

"Bismilla, ɗiyata."

Ta yi bayani tiryan-tiryan, ba ta yi gaggawa ba, ba ta sa Turanci ko ɗaya ba. Ta ce ba laifin kowa ba ne, dutsen ne haka Allah ya yi shi. Ta ce babba yana iya ɗauka, jariri ba ya iyawa. Gwaggo tana saurare tana gyaɗa kai, a kowace gaɓa ta ce, "Ikon Allah." Da aka gama ta ce, "To. Mun ji, mun gode. Allah shi saka da alheri, shi bar zumunci." Ta sa aka kama wa baƙuwa zabi biyu.

Halima ta rako ta har zaure, iyakar inda mai jego ke iya zuwa, fuskarta ta saki.

"Kin ga ta yarda, Malama."

Dibora ta tsaya tana gyara ɗankwali. "Sadiya, ni fa a cikin Hausawa na girma. Wannan 'to' ɗin na baƙo ne. In na ce mata ruwa yana gudu sama ma haka za ta ce, don na sha furarta. Gobe da safe za ta sa masa."

"To yaya zan yi?"

"Mu aikinmu ya ƙare a inda takarda ta yi ja. Ba ta da baki. Ni ma kin ga nawa bakin bai yi ba." Ta dafa kafaɗarta. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsohuwar nan ke take so a duniya, ba ni ba."

Washegari da safe gidan ya cika, kamar yadda gidan jego yake cika. Matar Sule mai kifi tana nan, da wasu maƙwabta biyu, ana shan kunu ana hirar tsadar shinkafa. Gwaggo ta wanke Faruku, ta shafe shi, ta kwantar da shi a cinya. Ta jawo tandu. Ta zura tsinke ta zaro shi baƙi ƙirin, ta buɗe idon yaron da babban yatsa.

Halima ba ta san lokacin da ta taso daga bakin gado ba. Sai dai ta ga hannunta a kan wuyan hannun Gwaggo.

"Gwaggo, kak ki sa mashi."

Hira ta tsaya cak. Gwaggo ta dubi hannun da ya riƙe ta, ta ɗago ta dubi mai hannun.

"Mi kinka ce?"

"Don Allah kak ki sa mashi. Guba ta. Na gwada da hannuna, ba sau guda ba. Ni niɗ ɗauke tandun ga rannan, ba ɓera ba na. Ni ka goge mashi ido." Maganar ta riga ta ɓalle. "Ɗana na, Gwaggo. Ina tsoro. Ba ni barci don tsoro."

Matar Sule ta yi salati ta rufe baki da gefen mayafi. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Boko ke nan." Ba a taɓa jin mai haihuwar fari ta ce "ɗana" a tsakiyar mata a unguwar nan ba, kuma kowa a ɗakin ya san kafin azahar labari ya kai bakin kasuwa.

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta mayar da tsinke cikin tandu. Ta ɗauki yaron ta ajiye shi a kan gado, ba ta miƙa wa uwarsa ba.

"Ashe ɗanki na," ta ce. "Ban sani ba. Ga shi nan."

Ta fita. Maƙwabta suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta tuna ta bar tukunya a wuta. Halima ta zauna ta yi kuka mai isarta. Kunya ta ji, irin wadda ba ta taɓa ji ba, amma da ta dubi idon yaron fari tas babu baƙi, ta san ko za a sake sau goma haka za ta yi.

Ranar Gwaggo ba ta ci abincin rana ba. Ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida tana tsintar shinkafar da an riga an tsince. Ba ta leƙo ɗaki ba, ko da yaron ya yi kuka. Sai bayan la'asar Halima ta ji takunta a bakin ƙofa.

"Ke. Ɗauko takardar taki in gani."

Halima ta kawo jakar tsakar gida, ta durƙusa, ta soma buɗe kwalba.

"Aje. Ni ka yi. Hannunki ya san abin da shika so."

Haka Halima ta koma gefe tana faɗa, Gwaggo tana yi. Tsohuwar ba ta yarda da kowa ba, har takardar. Ta fara da ruwan randa, takarda ta zauna rawaya. Ta jiƙa kanwa ta ɗiga, ba abin da ya sauya. Ta kankaro baƙin gindin tukunya, don ta ga ko duk baƙin abu ne takardar ke ƙi, nan ma shiru. Sannan ta kaɗa tozalinta, ta zuba ruwan tsami, ta jira, ta ɗiga. Ja ya bazu a takardar tun ɗigon bai gama shiga ba. Ta daɗe tana kallo. Ta tashi da kanta ta leƙa ta katanga ta karɓo na matar Sule, ta gwada. Shi ma ja.

"Uwata tas sa man shi," ta ce, ba da kowa take ba. "Ita ko tata tas sa mata." Ta juyo. "Ke ma na sa maki, tun kina tsumma har anka kai ki ɗaki. Mi yas same ki?"

Nan ne Halima ta so ta yi ƙarya don ta sanyaya mata rai, amma ta fasa.

"Ban sani ba, Gwaggo. Ba a ganin abin da gubar tac ci. Wani ta ci da yawa, wani kaɗan. Sai dai ba ta ƙara ma kowa komi."

Gwaggo ta yi tsaki. "Wato da ban sa maki ba, da yanzu jirgin sama kika ƙerawa."

Dariya ta kuɓuce wa Halima a tsakiyar hawaye. Gwaggo ba ta yi dariya ba, amma bakinta ya ɗan motsa. Ta tattara jajayen takardun ta jera su a kan tabarma, ta sake dubawa.

"Wanda yar riga yas shiga cikinai hwa? Takardarku na ganin wannan?"

"Sai an ɗibi jini. Akwai na'ura a Kalgo, wajen Malama Dibora. Ɗigo guda taka so." Halima ta sunkuyar da kai. "In na yi arba'in sai mu tai."

"Arba'in?" Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. "Ke da kinka riƙe man hannu gaban matar Sule, yanzu kunyar hita kika ji? Kira mijin naki shi kawo mota da sahe."

Sirajuddeen ya iso tun rana ba ta yi zafi ba, da motar abokinsa. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaida Gwaggo yana kallon ƙasa, bai ko kalli inda ɗansa yake ba. Gwaggo ta ɗauki Faruku ta shiga baya, Halima a gefenta a lulluɓe. Mata suna leƙe ta ƙofofi, mai jego ta fita ba ta yi arba'in ba, kuma Rahmatu ce da kanta ta fitar da ita. Gwaggo ta sauke gilashi ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da suna, don kada wata ta ce ba a gan ta ba.

Suka kama hanya. Suka wuce fadamun shinkafa, masu injin ban ruwa suna ta aiki, suka ratsa ta gefen Birnin Kebbi suka gangara Kalgo. Halima tana ta lissafin safiyoyin da aka sa wa yaron tozali, da la'asar ɗin da ita ta jawo da gogewarta. Can ta ji hannun Gwaggo a kan gwiwarta. Tsohuwar taga take kallo, amma ba ta ɗauke hannun ba har suka isa.

Dakta Dibora tana jiransu a ƙaramin asibitin da suke gwaje-gwajensu tare da shi. Ta gaida Gwaggo har ƙasa, ba ta ce komai game da zuwanta Gwandu ba, Gwaggo ma ba ta ce ba. Na'urar ba ta fi akwatin rediyo ba, tana kan tebur kusa da taga. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Esther, sabuwar zuwa ce daga Yawuri, ba ta san kowa a cikinsu ba, ta wanke ƙafar yaron da sabulu har sau biyu don kada baƙin da ke fata ya ruɗa gwaji. Gwaggo ce ta riƙe shi. Da allura ta taɓa diddigensa ya callara ƙara, Gwaggo ta runtse ido kamar ita aka soka. Halima tana tsaye a jikin bango, hannayenta a cikin mayafi, ta damƙe su. Sirajuddeen yana bakin ƙofa yana nazarin silin.

Esther ta haɗa ɗigon jinin da wani ruwa, ta ɗiga a ɗan tsinken gwaji, ta zura a na'ura. Aka jira. Ba dogon jira ba ne, amma Halima ta karanta duk addu'ar da ta iya, ta koma farko. Na'ura ta yi ƙara. Dibora ta sunkuya ta duba, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa.

"Akwai," ta ce. "Ba zan ɓoye muku ba, ta shiga. Amma kaɗan ce, ba ta kai inda ake ba da magani ba. An tare ta da wuri. In ba a ƙara ba, jikinsa zai yi ta fitar da ita. A ci gaba da nono, uwar ta ci abinci sosai, ita ma ta bar tozalin. Za mu aika jinin babban asibiti su tabbatar, bayan 'yan watanni kuma ku dawo mu sake gwadawa."

"Ƙwaƙwalwa tai hwa?" in ji Gwaggo.

"Ina sa rai lafiya lau, Mama. Ina sa rai ƙwarai."

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo. Ta faɗa sau uku, na ukun muryarta ta karye. Daga bakin ƙofa aka ji Sirajuddeen ya fyace hanci, wai mura. Halima ta zauna a benci, farin ciki ya cika ta.

Gwaggo ta share ido da gefen mayafi, ta dawo Gwaggonta. Ta nuna kwalin takardu masu launin rawaya da ke kan tebur.

"Ɗiyata, ki ɗibam man waɗanga. Akwai suna gidan liman ran Jumma'a, akwai masu ciki huɗu unguwarmu. In ni nic ce su bari, cewa za su yi Rahmatu ta bi 'yan boko. Gara su ɗiga da hannunsu."

Dibora ta dubi Halima, ta dubi tsohuwar, ta tura mata kwalin gaba ɗaya.

Duk wannan abin Faruku bai daina kuka ba. Diddige yana yi masa zafi, ga yunwa, ya yi ja yana ta harbin iska. Esther ta manna masa auduga, ta ɗago ta dubi matan da ke ɗakin.

"A ba shi nono ya yi shiru mana. Wace ce uwar yaron?"

A Gwandu wannan tambaya ba uwa ke amsa ta ba, wata ce ke nunawa da baki. Halima ta sunkuyar da kai tana jiran Gwaggo ta nuna ta. Gwaggo ba ta nuna ba. Ta taso da yaron, ta tsaya a gabanta.

"Ke aka tambaya," ta ce. "Amsa mata."

Halima ta ɗago.

"Ni ce," ta ce. "Ni ce uwarsa."

Gwaggo ta sa mata shi a hannu. Halima ta rungume shi a gaban mijinta da Malamarta da baƙuwar ma'aikaciya, ta sa fuskarta a wuyansa tana cewa, "Yi haƙuri, Faruku, yi haƙuri, an gama." Gwaggo Rahmatu kuwa ta juya musu baya, ta je ta tsaya a taga tana kallon masu sayar da rake a bakin titi, ba ta waiwayo ba sai da yaron ya yi shiru.